Hular Kawu

Da na gama karatu na dawo Dakoro, kawuna ya zaunar da ni a kantinsa na irin shuka, gaban wata ordinatar, wato kwamfuta, da ya saya amma bai taɓa kunnawa da hannunsa ba. Ni kuwa kaina ya kumbura. A cikin na'urar, kowace takarda daga wata take fitowa: takardar farashi ta haifi komandi, wato odar mai saye, komandi ya haifi takardar fitar da kaya, ita kuma ta haifi faktir, takardar biyan kuɗi. Idan ka tsallake ɗaya sai ta ƙi motsi. Wannan taurin kan nata ya burge ni, don ni ma haka nake.

Kawu kuwa ba a kanti yake karɓar komandi ba. A wajen suna yake karɓa, ko ƙofar masallaci, ko gidan gaisuwa. Ya yagi kwalin sukari, ya rubuta da ajami, ya tura cikin hularsa, ya manta.

Wata safiya bayan ruwan shuka, wata dattijuwa ta iso daga Mai Yara a kan amalanke. Ita ce shugabar matan ƙauyensu, ta zo ɗaukar buhu huɗu na irin wake. Na duba, babu sunanta ko'ina. Buhuna huɗun da suka rage kuwa na riga na ɗaure su da komandin wani ɗan kasuwa na Sabon Maci, saura kawai in danna takardar fitarwa.

Na ce, "Inna, ba ki cikin na'ura."

Ta ce, "Ɗiyata, mi zan yi cikin na'ura? Ƙasa na da laima yau, jibi ta bushe. Mata na can na jirana."

Na ɗaure fuska kamar wata babbar ma'aikaciya. Ana haka Kawu ya shigo yana sakace. Ya saurare mu, ya cire hula, ya zazzage ta a kan teburina. Guntayen kwali suka zubo, har da ɓarin goro. Ya tsinci ɗaya ya miƙo mini. Komandin dattijuwar ne, tun ranar sunan jikarta ya rubuta, makonni kafin ɗan kasuwar ya san hanyar kantinmu.

Ya ce, "Ke da kike cewa kowace takarda na da uwa, to ga kakarsu."

Kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni, don da dokata ya kayar da ni. Na kwance komandin Sabon Maci, na shigar da nata, takardun suka biyo juna cikin ladabi. Ni na kira ɗan kasuwar, na sha faɗa har kunnena ya yi zafi, Kawu yana gefe yana cin goronsa. Kafin azahar amalanke ya kama hanya.

Daga ranar na ƙara wa aikin mataki guda. Kowace safiya, bayan na gaishe shi, sai in ce, "Kawu, hula." Ya yi tsaki, ya zazzage.

Bara ƙafa ta hana shi fita, ya aiko mini da hular ya ce in ajiye kusa da na'urar. Na san babu komai a cikinta. Duk da haka ban taɓa kunna ordinatar ba sai na ɗaga hular na leƙa.