Motar da Gilashinta Ya Ƙi Sauka

Bazara ce, irin wadda ruwan randa kansa yake ɗumi tun kafin azahar. Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba a Potiskum. Mai ya yi wuya, motoci suna wuni a layi a gidajen mai su watse ba su samu ba, sai dai a koma wa 'yan bumburutu masu sayarwa a galan a bakin titi. Wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. Kowa ka gani fuskarsa a ɗaure. Ni abin da ya tsaya mini a rai shekarar nan shi ne ƙafafun Inna, mahaifiyata. Tana zaune a Gadaka, hawan jini ya kama ta, ƙafafun suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Likita ya ce a riƙa kawo ta asibiti duk wata a auna ta a ba ta magani, kada a kuskura a yi fashi.

Da farko kawo ta ba ya ba mu wuya. Maigidana Alhaji, mai fataucin shanu ne, yana da wata tsohuwar mota doguwa, irin ta tasha. Ta ɗauki buhunan dusa, ta ɗauki gero, har ɗan maraƙi ta taɓa ɗauka a baya. Duk man da aka zuba mata sha take yi. In ta ƙi tashi, mutum biyu su dafa bayanta su tura, sai ka ji ta yi tari ta kama. Inna takan zauna a baya ta sauke gilashi, iska na kaɗa mayafinta har mu iso gari.

To, tun da aka ba mu jiha, 'yan kwangila da manyan ma'aikata suka riƙa ratsa garin nan zuwa Damaturu, babban birnin jihar, cikin manyan jif-jif. Na lura Alhaji yakan bi su da kallo. Wata rana ya tafi Kano da tsohuwar motar, ya dawo da baƙar jif sabuwa dal, wadda aka ce a shekarar aka fito da irinta. Tsohuwar ya baro ta can.

Yadda ya saye ta, da kunnena na ji yana ba abokansa labari a zaure. Ya ce ya zagaya ta, ya daki bayanta da tafin hannu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya sa aka ɗaga masa bonet ya duba kamar mai duba haƙoran bijimin sa. Wani ya ce, "Alhaji, ka ɗan zaga da ita kuwa kafin ka biya?" Ya yi dariya ya ce, "Kai ma dai. Ka taɓa ganin na hau sa kafin in saya? Ido ya ishe ni." Aka tafa, aka ce Allah ya sa albarka, ciniki ya faɗa. A wurinsu kuwa in aka faɗi wannan kalma, magana ta ƙare.

Kujerunta na fata ne, kowace a lulluɓe da leda tun daga kamfani, Alhaji ya ce kada wanda ya cire. In ka zauna a kai da zafin nan, sai zanenka ya manne da jikinka, in za ka tashi ka ji leda na ƙara kamar ana ɓare ka. Na yi masa murna, na yi addu'a, na raba wa maƙwabta goro.

Ba a yi mako ba ta fara nuna halinta. Akuya ce za ta goga jikinta da taya, sai motar ta fasa ihu, unguwa duk ta fito. Ƙofofinta su kulle kansu ba wanda ya taɓa su. Gilashi ba shi da hannun murɗawa, sai maɓalli, maɓallin kuma yau ya ji gobe ya ƙi. A gaban direba wasu fitilu ja da rawaya suka riƙa kamawa. Alhaji ya miƙo mini littafinta wai ko zan gane, tunda na yi ajin yaƙi da jahilci. Na buɗe daga farko har ƙarshe, ban ga kalmar Hausa ko ɗaya ba, na mayar masa. Ga shi ba ta son man galan, tana sha za ta hau karkarwa kamar mai masassara. Bakaniken da ya saba gyara mana tsohuwar ya buɗe ya leƙa, ya rufe a hankali ya goge hannunsa, ya ce, "Alhaji, wannan ƙwaƙwalwa gare ta. Ni ƙarfe na iya. Sai Kano." Aka kai ta Kano, ta dawo ta yi lafiyar kwanaki, ta koma yadda take.

A haka lokacin asibitin Inna ya zo. Muka je Gadaka da hantsi, ni da Alhaji, shi ke tuƙi. Inna ba ta zuwa gidan suruki hannu rabbana. Ta fito da kwalbar man shanu da ƙullin daddawa, ta ƙi yarda a sa su a but wurin kaya, ta ajiye a gefenta. Ta gaida Alhaji ƙasa-ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ita mutumiyar da ce. A gaban mijin 'yarta ba ta cin abinci, ba ta shan ruwa, ba ta ɗaga murya, balle ta ce wani abu nasa bai yi mata ba. Ni kuma 'yar farinta ce, ko sunana ba ta faɗa.

Mun ɗan taɓa tafiya sanyin motar ya ɗauke. Alhaji ya danna maɓallin gilashi, shiru. Ya danna na wancan gefen, shiru. Rana ta take tsaka, mu kuma muna cikin baƙin ƙarfe a rufe ruf. Na ce, "Alhaji, ko za mu tsaya a buɗe ƙofa a sha iska?" Muna ratsa wani ƙauye ne, mutane na zaune a gindin bishiya suna kallon motar. Ya ce, "Bari mu wuce mutanen nan tukuna." Muka wuce su, ya ce saura kaɗan mu isa.

Man shanun ya narke ya biyo ta murfin kwalbar. Da yake leda ba ta shan komai, sai ya kwarara ya taru a ƙarƙashin Inna, ya gangara ƙasa. Daddawar ta ɗauki zafi ta buɗe. Warin nan, da na gumi, da na sabuwar leda, suka haɗu suka rasa hanyar fita. Na waiwaya na ce, "Inna, lafiya?" Ta ɗaga mini kai. Da na sake waiwayawa sai na ga ta dunƙule mayafinta ta toshe baki. Ashe amai ta yi a ciki, a hankali, don kada surukinta ya ji. Idanunta sun juye, kanta ya langaɓe a jikin gilashin.

Ban taɓa ɗaga wa Alhaji murya ba sai ran nan. Na ce, "Tsaya!" Kafin ma ya taka birki motar ta yi karkarwarta ta mutu a tsakiyar hanya. Ƙofar baya ta ƙi buɗuwa ta ciki, ta ƙi ta waje. Ta tsakanin kujerun gaba muka jawo Inna, zanenta sharkaf da mai, muka kwantar da ita a gindin wata tsamiya. Ba zan yi masa ƙarya ba, Alhaji ya cire hularsa ya yi mata fifita, yana ta salati. Amma da ta buɗe ido ta ja numfashi, sai ya miƙe ya koma wurin motar. Ina kallonsa ya sunkuya ya ɗaga gefen ledar, yana duba ko man ya taɓa fatar kujera. Na kau da kai.

Wasu manoma da ke sharar gona suka taho da gudu, suka ce Alhaji ya shiga su tura. Suka tura har suka jiƙe, ko tari ba ta yi ba. Daga baya aka gaya mana irinta mai canza giya da kanta ba ta tashi da turi. Wata a-kori-kura ce mai ɗauke da awaki ta tsaya, direban ya sauke mutum biyu daga gaba ya ba mu wuri. A haka Inna ta isa asibiti, aka sa mata ruwa.

Ta kwana biyu a wurina ta warware. Ranar da za ta koma, ƙanena ya zo ya tafi da ita. Tana ɗaura ɗankwali ta ce mini, "Ke wannan, ko gawata ce kada a sa ta a akwatin nan."

Wata ya zagayo, na aika a gaya mata za a zo ɗaukarta. Ta aiko cewa ta ji sauƙi, a bari. Na aika cewa to ta biyo motar haya, ni zan tare ta a tasha. Amsar da ta dawo ita ce ta fi damuna. Wai yaya za a yi surukinta na da mota irin wannan, a gan ta a motar haya? Mutanen Gadaka za su ce ta raina abinsa, ba za ta kunyata shi ba. Motarsa ba za ta shiga ba, wata motar ma ba za ta shiga ba. Maganinta ya ƙare. Matar ƙanena ta zo gari ta ce mini kumburin ya haura gwiwa, sallah ma a zaune take yi.

Ita kuwa motar tana ƙofar gida ana wanke ta kullum. Man shanun nan ya shige ƙarƙashin shimfiɗar ƙasanta ya ruɓe. Alhaji ya sa aka fesa turare, aka yi mata hayaƙin turaren wuta, sai abin ya koma kamar an shafa wa mushe turaren ɗan goma. Ni dai ban sake shigarta ba.

Na bari sai ranar kasuwa, ya dawo daga kara, kasuwar shanu, da la'asar, ya yi wanka ya ci abinci. Na zauna nesa kaɗan na ce, "Alhaji, in tambaye ka wani abu na sana'arku?"

Ya ce, "Yau kuma ke ce da shanu?"

Na ce, "Saniya ce kyakkyawa, kowa ya gan ta sai ya tsaya. Ba ta nono, ba ta ɗaukar ciki, ga zaɓen abinci, ga harbi. Me kake yi da ita?"

Bai ko yi tunani ba ya ce, "Kasuwa mana. Wa zai ajiye..." Sai ya dube ni. Can ya ce, "Hajiya, mutane za su ce na kasa riƙe ta."

Na ce, "Su mutanen, Allah ya bar musu iyayensu lafiya. Ni tawa tana Gadaka, a zaune take sallah. Ta ƙi hawa motar haya don kada ta ba ka kunya."

Wannan bai sani ba. Ya ajiye tsinken sakace, ya daɗe yana kallon tabarma.

Bayan 'yan kwanaki wani ɗan kwangila ya zo sayen motar daga Damaturu, mai babbar riga da ƙamshi. Ina daga bayan ƙyauren zaure ina jin su. Alhaji, komai son girmansa, ba ya sayar da dabba bai faɗi aibinta ba, haka ya tashi. Ya tsaya ya zayyana masa: sanyi na ɗaukewa, ƙofa na kulle kanta, ba ta shan man galan, ba ta tashi da turi, ga wari, gilashi kuma sai ya ga dama yake sauka.

Mutumin ya kwashe da dariya ya ce, "Alhaji, gilashin ai gara da ba ya sauka. Ka san 'yan uwa da 'yan maula, da ka sauke sai hannu ya shigo. Ledar dai tana nan, ko?"

Alhaji ya ce tana nan.

Ya ce, "Shi ke nan. Daga gida zuwa ofis ne, a gan ni a ciki. Allah ya sa albarka."

Na koma cikin gida na kuskure bakina. Ban san dalili ba, ji na yi kamar na tauna wani abu.

Abin da ɗan kwangilar ya bari a madadinta doguwar mota ce ta hannu, irin tamu ta da, fentinta ya koɗe, kujerar baya da faci. Akwai cikon da suka yi a tsakaninsu, ban tambaya ba. Da yamma maƙwabta suka fito suna kallo, wani ya ce, "Alhaji, an dawo gida ke nan?" Ya ce, "An dawo," ya shige.

Washegari bayan na idar da sallar asuba na fita da tsumma na goge kujerar baya, na shimfiɗa zane mai laushi, na sa matashi da gorar ruwa. Na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya na murɗa hannun gilashi har ƙasa. Na roƙi Alhaji ya zauna gida, ƙanena da ya kwana a gari ya tuƙa mu, don Inna ta samu bakin magana a hanya. Da muka isa Gadaka na tarar da ita a bakin ɗaki, ƙafafun a miƙe kamar turame. Ta leƙa waje ta ga motar, ta dube ni. Ban yi mata dogon bayani ba. Na tallafe ta har bakin ƙofa, na kama hannunta na ɗora a kan hannun gilashin, na ce, "Inna, murɗa ki gani." Ta murɗa ya hau, ta murɗa ya sauka. Ta ce, "Ke wannan, ɗauko mini mayafina." Na shiga ɗaki na ɗauko.