Kantun Yaya, Babu Sukari

Ciwon suga ya kama yayana yana tsakiyar ƙarfinsa. Masunci ne a Wara, irin waɗanda kan shiga ruwa da hantsi ba su fitowa sai rana ta karkata. Guzurinsa kullum fura ce da ya zuba wa sukari har cokali ya tsaya, da kantu mai danƙo da yake saye a bakin tafki. Da muka kai shi asibiti a Yelwa saboda rama da yawan fitsari, likita ya hana shi duka biyun.

Hanin bai zo da sauƙi ba. In ya sha magani ya shiga jirgi da ciki wayam, sai jikinsa ya ɗauki ɓari, gumi ya karyo masa. Wata rana abokan sana'arsa ne suka jawo jirginsa zuwa gaɓa, yana kwance a kan taru bai san inda yake ba.

Lokacin aurena ya mutu, ina zaune a gida wurin Inna. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mu haɗa masa abin da zai riƙe ciki, ya riƙa gutsura kaɗan-kaɗan: hatsi, gyaɗa, riɗi, ban da sukari. Ni da matarsa muka ɗauki aikin.

Muka surfa gero, muka wanke, muka shanya, sannan muka soya shi a busasshiyar tukunya har ya fara ƙamshi. Gyaɗa ma muka soya, muka murje ɓawonta. Riɗi ne mai cin rai, sai an rege shi da kyau, in ba haka ba yashi ya shiga haƙori. Kantun farko da muka yi, ko yankuwa bai yi ba, ya wargaje kamar tsaba. Inna, da ke zaune a inuwa tana kallonmu, ta ce, "Ku sa dabino mana, mi zai kama shi?"

Muka jiƙa dabino kaɗan, muka cire ƙwallayen, muka kirɓa shi a turmi da rabin gyaɗar har ya yi mai. Muka cuɗa da sauran kayan da ɗan garin citta, muka baza a faranti, muka danne da kwalba. Da ya sha iska ya yanku sala-sala.

Yaya ya gutsura, ya daɗe yana tauna.

"Wanga ai dusa ce," ya ce.

"Dusar za ka ci, Yaya," na ce masa.

Ya ci kuwa. Matarsa kan ƙulle masa a leda, ya cusa a aljihu. Ɓarin jikin ya ragu, ya ɗan murmure, har ya koma tsokanar Inna. Damina guda muka yi cikin kwanciyar hankali, kowane jajibirin kasuwa muna suya da daka.

Sai ƙayar ƙurungu ta soke shi a tafin ƙafa. Kifin na cikin jirgi, ya taka bai ji ba, domin ƙafar ta riga ta fara mutuwa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da shiga ruwa, bai gaya wa kowa ba. Wari ne ya tona, ranar da matarsa ta shiga share ɗaki. Da ta kwance tsumman, yatsun sun yi baƙi.

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Aka sayar da jirgin da injinsa. Yaya ya dawo gida ya zauna a tabarma, fuska ga bango, ba ya son a buɗe ƙofar da ke kallon ruwa.

Ban daina yin kantun ba, don ban san abin da zan yi da hannuna ba in na daina. Nakan ajiye masa a gefen tabarma, in dawo in tarar tururuwa sun yanyame shi. Rannan ya kira ni.

"Auta, ki bar wahalar da kanki. Guzurin mai tafiya ne. Ni ina za ni?"

Na ɗauke farantin na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Ciwon ya haura ɗaya ƙafar kafin ruwa ya janye. Wannan karon ya ƙi a kai shi ko'ina, Inna ta roƙe shi har muryarta ta dushe. Ya rasu wata Laraba da la'asar, masunta na fitowa daga ruwa, da yawansu da jiƙaƙƙen wando suka tsaya sallarsa.

Matarsa ta gama takaba, danginta suka zo daga Shanga suka tafi da ita da yaran da suka haifa. Gidan ya rage daga ni sai Inna.