Karen da Bakina Ya Hana Gida

Maƙwabcina a unguwar Pantai Dalam mutumin Jos ne, injiniya, matarsa da 'ya'yansa suna can Najeriya. Ni kuwa Bakano ne, karatu ya kawo ni Kuala Lumpur. Tun da muka saba muke tsokanar juna. Ya ce Kanawa har inuwarmu sai mu sayar, ni kuma in ce mutanen Filato in kare ya hango su, hanya yake sakewa. Mu yi dariya, mu tafi shan shayi a mamak, wato rumfar mai shayin ƙasar.

Sai ya ƙwallafa rai a kan wani kare. A gidan da ake tara karnukan da aka tsinto a titi ya gan shi, tsoho ne, ja, yana ɗingishi. Duk Asabar sai ya je ya zauna da shi. Na yi ta yi masa tsiya, amma na san abin da ke ciki. Mutum ne da yake dawowa daga aiki ya buɗe ƙofa, ba mai ce masa sannu da zuwa.

Masu gidan karnukan ba sa ba da kare haka kawai, sai sun ga inda zai zauna, sun ji ta bakin maƙwabta. Da yake Musulmi sun fi yawa a layinmu, ya roƙe ni in zo in yi masa shaida.

"Malam, just ka ce ba ka da problem, shi ke nan."

"An gama, Oga."

Wata dattijuwa ce ta zo daga gidan karnukan, da karen a bayan motarta. Ta duba shinge, ta duba inuwa, ta taɓa kwanon ruwa. Karen ya fito ya wuce kai tsaye ya kwanta a kan ƙafar abokina. Ni ina gefe, na tattare rigata kada ya goge ni. Matar ta juyo da fara'a, ta tambaye ni da Turanci ko ina ganin karen zai ji daɗi a nan.

Ai sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Zai ji daɗi, Anti, har ƙiba zai yi. Ki dai riƙa leƙowa kafin Kirsimeti, don mutanen garinsu farfesu suke yi da shi."

Ni kaɗai na yi dariya.

Ta dubi abokina ta ce, "Gaskiya ne?" Shi kuwa bai iya ƙarya ba. Ya ce akwai masu ci a jiharsu, amma shi bai taɓa ba. Na shiga rantse-rantse ina cewa wasa ne irin namu na gida. Ba ta ko kalle ni ba. Ta ce ta taɓa ba da kare ya ɓace, ba ta sake jin labarinsa ba.

"Sorry lah," in ji ta. "Tak boleh." Wato ba zai yiwu ba.

Karen ya ƙi tashi. Abokina ne da kansa ya rungume shi ya kai shi mota. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Bayan kwana biyu na bi ta har gidan karnukan, ina tsaye cikin haushinsu ina ba ta haƙuri. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce ai an riga an kai shi wajen wasu iyali masu fili a bayan gari. Gidan kirki ne, in ji ta.

Da na koma, na tarar da abokina yana wargaza ɗan ɗakin katakon da ya haɗa wa karen a tsakar gida. Na so ya zage ni, ko in samu sauƙi. Sai ya miƙo mini katako ɗaya ya ce in riƙe masa, ya ci gaba da zare ƙusa.

"Tun ina firamare ake mini wannan wasan, Malam, ina dariya," ya ce, bai ɗago kai ba. "Na ɗauka a nan ba wanda ya san shi."