Kwanon Haladu

Haladu ɗan wana ne, a gabana ya tashi a nan Roni. Wanzami ne kamar ubansa, sai farfaɗiya ta same shi da gemunsa. Wa zai miƙa wuya ga askar mai faɗuwa? Sana'a ta mutu. Amma wannan bai ci masa rai kamar kwano ba. 'Yan'uwansa, Daudu da Mamuda, suka ware masa nasa, wai ta yawu ake ɗaukar ciwon. Su suna ci a zaure, shi yana gindin darbejiya, shi da kaji.

Wata damina sai ga wata likita, Rahamatu, daga Kano, tana neman masu ciwon. Ta ce ƙwaƙwalwar mutum a nannaɗe take, lungu-lungu. Na ce duk wanda ya taɓa fasa kan rago ya san wannan. Ta yi dariya, ta ce to naɗin kowa daban ne. Ita da abokan aikinta suna koya wa kwamfuta ne ta gane: a nuna mata hoton kawuna da yawa, ta yi ta gwada na wannan da na wancan, har ta iya nuna inda na mai ciwo ya kauce. Ta gaya wa Haladu ba magani ba ne. Shi ma ba magani ya nema ba. So yake a nuna wa gidansu ciwon a cikin kai yake, ya koma kwano ɗaya da 'yan'uwansa.

Ya bi su likita Kano, aka zura shi cikin injin ɗaukar hoto, ya dawo har da sabuwar hula. Sai likita ta ce tana son kawunan 'yan'uwansa na ciki ɗaya, don kwamfuta ta raba kamannin gida da na ciwo.

Mamuda ya ce ba zai kwanta inda Haladu ya kwanta ba. Daudu ya fi shi wayo, ya kuma fi shi mugunta.

Ya ce, "Gwaggo, in inji ya ce kaina irin nasa ne fa? Garin nan za a ce gado ne. 'Ya'yana mata wa zai aura?"

Na ce, "Kada ka je, ɗan nan. Kar a leƙa a tarar babu komai a ciki."

Zagi bai kai kowa Kano ba. Na ce a ɗauki nawa, likita ta ce na tsohuwa ya riga ya motse. Ta zauna da su da kanta, ta ce ba a ɗaukar ciwon ta yawu. Suka ce to, suka raka ta bakin mota. Aikinsu ya ƙare, ba ta sake zuwa ba.

An ce hoton kan Haladu yana can cikin kwamfuta, ana gwada shi da na kowa. Shi yana gindin darbejiya. Ni nake ɗaukar tuwona in je mu ci tare. Kwanan baya ya ce in daina, kada jikokina su ware min kwano.

Na ce masa sun riga sun ware.