Ranar da Haruna Ya Bar Raga Ba Kowa

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Salihu makwancinsa a nan Makka. Har yau in na bi ta unguwar Rusaifa na ga tsohon shagonsa na gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, wanda yanzu ake sayar da waya a ciki, sai na rage tafiya, kamar zan ji ya ce, "Ya Isa, shigo ka sha shahi."

Mu jikokin alhazai ne da suka zo daga Kano suka zauna. Ƙwallon ƙafa kaɗai muka sani, a kanta muke musu har murya ta dishe. Sai Allah ya jarrabe mu da hoki. Matar Yaya 'yar wata ƙasa ce can arewa mai tsananin sanyi. Da ta rasu, iyayenta suka ɗauki ɗansu Haruna ya yi karatu a wurinsu, can ya koyi wasan nan da ake sulɓi a kan ƙanƙara da sanduna ana bin wani ɗan baƙin faifai. Kafin mu ankara, ya zama mai tsaron raga a ƙungiyar matasa ta ƙasar. Yaron da bai san ƙanƙara ba sai a cikin kofi!

Da aka fara wata gasa da ake nunawa a talabijin, muka riƙa taruwa a falon Yaya bayan la'asar, ga shahi, ga dabino, ga mu malaman ƙwallo. Wasan farko aka yi musu ruwan ƙwallaye, muka ce wannan ai abin kunya ne. Muka ga 'yan wasa na fita ana sauya su ko minti biyu ba su yi ba, muka ce ragwaye ne, ba su da numfashi. Rashin sani ya fi dare duhu, amma mu a lokacin gani muke mun ƙure ilimi.

Wasan ƙarshe shi ne ya tsaya mana a rai. Ana binsu ɗaya, lokaci ya kusa ƙarewa, sai muka ga Haruna ya bar raga a guje ya nufi benci. Raga ba kowa! Nan take aka ƙara musu ɗaya. Falo ya kaure. Wani ya ce koci ya kore shi, wani ya ce tsorata ya yi. 'Yan uwa suka shiga tura wa yaron saƙonnin jaje, wasu har da faɗa, wai ya zubar da mutuncin gida. Washegari Haruna ya kira ni, ni baffansa da yake ce wa Ammi, da Larabci da 'yar Hausarsa: "Ammi, halas, shi ke nan, na bar wasan. In gida ma haka suke ganina, me ya rage?"

Yaya ne kaɗai bai yanke hukunci ba ranar. Shi ma bai san dokar wasan ba, wallahi ko kaɗan. Da na faɗa masa, ya sa aka sake kunna masa wurin, ya kalla, sannan ya karɓi waya ya kira ɗansa. "Ya waladi," in ji shi, "ni ban san hoki ba, amma na san korarre. Jan ƙafa yake, kansa a ƙasa. Kai da gudu ka tafi, kana duban koci. Kiranka aka yi, ka amsa." Ya ƙara da cewa shi a ganinsa ƙungiyar ta ci gaba: a wasan farko kowa ta kansa yake, sun bar gola shi kaɗai, a na ƙarshe kuwa jikinsu suke jefawa a gabansa. Daga baya muka ji cewa dabara ce sananniya, a cire gola a ƙara mai kai hari idan lokaci ya ƙure. Amma ba wannan bayanin ne ya hana Haruna ajiye sandarsa ba, maganar ubansa ce.

Yau Haruna yana koyar da yara wasan, kuma 'ya'yanmu a nan suna zuwa Jidda su yi sulɓi a ƙanƙarar manyan kantuna. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zamanin nan da kowa ke yanke wa 'yan wasa hukunci a waya tun ba a tashi ba. Ina jin dariya zai yi, ya ce mu ma ai haka muka yi, wayar ce kawai ta ƙara mana baki.

Yaya bai bar gini ba, shagon ma ya koma hannun wani. Abin da ya bari shi ne wannan hali na duban tafiyar mutum kafin a dubi sakamako. Ciwonsa bai yi tsawo ba, ya tafi da sauri, ya bar mana gida kamar ragar nan. A wurin zaman makoki na kasa riƙe kaina, ina cewa ya yi gaggawa, ya bar mu. Haruna ya dafa kafaɗata ya ce, "Ammi, kiransa aka yi, ya amsa."

Allah ya jiƙanka, Yaya.