Babin da Malam Garzali ya cire

Na Allah ne mu, kuma duk daɗewar mutum a nan, wurinsa zai koma. Ranar Talata, 14 ga watan Rajab 1446, wadda ta yi daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran Malam Garzali Mahmud, malamin jami'a mai bincike kan yadda ƙananan masana'antu ke samun jari, da yadda suke shiga harkar kuɗi ta waya, da kuma ko za su ɗore. Ya rasu yana da shekara arba'in da ɗaya, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. An yi masa salla a ƙofar gidansu da ke Gomari bayan la'asar. Ya bar matarsa Siddiƙa da 'ya'ya uku.

Ni mai gidan burodi ne a garin nan. Ba zan sa sunana a ƙarshen rubutun nan ba, ba zan faɗi unguwata ba, kuma abokan sana'ata da na ambata na sauya musu suna. Kai ka koya mini haka, Malam Garzali, don a wurinka ban taɓa zama kowa ba sai lamba goma sha ɗaya.

Bari in fara da abin da ya fi ba ni kunya. Da aka buga mini waya aka ce ka rasu, na yi salati, amma abin da ya fara faɗo mini a rai ba matarka ba ce, ba marayunka ba ne. Koren littafinka ne. A cikinsa akwai maganar da na faɗa maka game da mutumin da ke kawo mini itace daga daji, maganar da in ta faɗa hannun da bai dace ba, za a iya ɗauke shi, iyalinsa su yi ta jiran dawowarsa. Ina cikin sahun sallarka, ina kabbara, zuciyata na tambayar a hannun wa littafin yake yanzu.

A farkon 2021 ka fara zuwa wurina, lokacin da garin nan yake zaune babu lantarki. Ka shigo da sallama, da tarin takardun tambayoyi a hammata, ka ce digiri na uku kake yi, kana so ka san buhu nawa na fulawa nake kwaɓawa a rana, ina nake samo jari, kura nawa ta itace tanderuna yake ci a mako, kuma wa ke kawo mini. Wanda bai zauna Maiduguri ba zai ga tambayar ƙarshen nan ba komai ba ce. Mu da muke ciki mun san itace daga daji yake zuwa, mun kuma san su wa ke dajin. Na dube ka daga hula har takalmi, na yanke cewa ko dai ɗan haraji ne kai, ko kuma wanda ya fi ɗan haraji.

A daren nan ban kira kowa ba, amma da gari ya waye na tara 'yan ƙungiyarmu ta masu burodi, mu goma sha tara. Maƙwabcina a sana'a, wanda zan kira Okechukwu, haifaffen garin nan ne duk da iyayensa daga kudu suka zo, shi ya fara magana. Ya ce, "Alhaji, wannan mutum aiko shi aka yi. Malamin makaranta me ya haɗa shi da itace?" Muka yi shawara kada mu kore ka, don korar irinku tana jawo magana. Muka ce kowa ya amsa maka, amma baki ɗaya: buhu uku a rana, kura biyu a mako, itace kuma a bakin titi muke saya wurin duk wanda muka gani. Muka watse muna jin mun yi dabara.

Bayan wata guda ka dawo. Ka zauna a kan bencin ƙofar shago, ka sayi burodi ɗaya ka biya, ka ƙi karɓar kyauta. Ka ce, "Alhaji, na ga abin al'ajabi a garin nan. Tanderunka ya ninka na Okechukwu sau biyu, nasa ya ninka na wata baiwar Allah a Bulabulin, amma duk ku goma sha tara cinku ɗaya." Ka yi dariya har sai da ka cire tabarau. Ban yi dariya ba. Na ce a raina, wannan ya fi yadda muka zata wayo, dole a ƙara lura da shi.

Ba ka sake kawo takarda ba. Sikeli ka kawo. Kwana tara kana zuwa da hantsi, ka naɗe hannun riga, ka auna itacen da za a zuba, in an kwashe burodi ka auna tokar da ta rage. Farar rigarka ta koma ruwan ƙasa. A rana ta tara ka ce mini kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin tanderuna ta bakin ƙofa yake gudu, in na ƙanƙance bakin na sa masa murfin ƙarfe mai ninki biyu zan ga bambanci. Ka kawo mini mai walda. Sai da na zagaya na tambayi mai waldar nan a asirce nawa ne kasonka a aikin. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa, ya ce ai kai ka biya masa kuɗin mota ma. Itacena ya ragu yadda ka ce. Na gode maka da baki, amma na ci gaba da tambayar kaina me kake so a ƙarshe.

Haka aka yi da na'urar POS. Shekara guda kana bina in buɗe asusun shago daban da nawa, in riƙa karɓar taransifa. Ni kuwa na tabbata wani banki ke ba ka lada a kan duk wanda ka kawo. Na karɓa ne kawai don ka ƙyale ni, na jefa ta cikin aljihun tebur tare da tsofaffin makullai. Da aka shiga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, mutane na tsaye da yunwa da kuɗinsu a waya, ni kaɗai nake sayar da burodi a layinmu saboda na'urar nan. Kai da kanka ka tsaya bayan kanta yini biyu kana nuna wa yaran shagona yadda ake gane alat na gaskiya da na bogi. Da yamma ka tafi gida a Keke, ko ruwan leda ba ka sha mini ba. Okechukwu ya sauko tun a lokacin, har ya kai ka wurin 'yan'uwansa masu shagon gyaran waya su ma su amsa maka tambayoyi. Ni na ce masa, mai haƙurin zama shekara biyu yana jiran abu, babban abu yake jira.

Abin da kake jira, ashe, amsar tambaya ɗaya ce da ta hana ka barci. Lissafinka ya nuna maka kuɗin itace yana tashi a wasu watanni ba tare da man fetur ya tashi ba, ba tare da damina ta shigo ba, kuma ba wanda ya yarda ya gaya maka dalili. Wata Asabar a ƙarshen 2023, bayan azahar, shago ba kowa, ban san abin da ya kwance mini baki ba. Na gaya maka cewa mai kawo mini itace, dattijo mai 'ya'ya bakwai, ba ya iya sare ko reshe sai ya biya mutanen daji kuɗin hanya, kuma in suka ƙara, shi ma ya ƙara mana. Ba goyon bayansu yake yi ba, ransa yake saya a duk mako. Na gaya maka garin da yake fitowa da ranar da yake shigowa. Ka rubuta a koren littafin nan, ka rufe, ka ce, "Alhaji, wannan amana ce." Kafin ka kai bakin titi na riga na yi nadama.

Daga nan sai zuwanka ya ragu, ya zama sau ɗaya a wata, ya zama babu. Na ce shi ke nan, ya samu abin da ya zo nema. Duk ranar da dattijon nan ya makara da kurarsa, sai in fita in tsaya a bakin hanya, ina tsine wa ranar da na san ka. Na yi wata bakwai a haka. Ko sau ɗaya ban ɗauki waya na tambayi lafiyarka ba, alhali a lokacin sau biyu a mako ake kai ka wankin ƙoda. Okechukwu ne ya je ya duba ka a asibiti, ya dawo ya gaya mini. Na je sau ɗaya, na tarar kana barci, na ajiye burodi na fito. Ko a nan sai da idona ya zagaya kan durowar gefen gadonka ko zan ga littafin.

Kwana goma bayan rasuwarka, matarka ta aiko ƙaninta ya ce tana son ganina. Na kwana ina juya abin. Ta yaya ta san ni? Wa ke bayan wannan kira? Na je dai. Tana cikin takaba, ta zauna daga cikin ƙofar falo, ni ina daga waje a kan tabarma, ƙanin nata ya koma zaure.

Ta ce, "Alhaji, kai ne lamba goma sha ɗaya. A asibiti ya gaya mini, ni kaɗai." Ta turo mini koren littafin da wasu takardu a ɗaure, shafi talatin da wani abu.

Ita ta ba ni labarin da ban sani ba. Maganar da na gaya maka ita ce ta zama babi na biyar na kundinka, kuma malamarka mai duba aikin, Farfesa Kezia, ta ce shi ne zuciyar binciken gaba ɗaya, don ba wanda ya taɓa bin kuɗin burodi tun daga kanta har zuwa daji. Saura mako uku ka miƙa kundin, sai ka zare babin. Aka ce maka in babu shi aikin bai cika ba, sai ka sake tattaro wasu bayanan, abin da zai ci shekara guda. Ka ce ka ji. Shekarar ce ba ka samu ba.

Na buɗe takardun. Turancina na sakandare ne, amma ya ishe ni. Babu sunana, babu sunan dattijon, ko a cikin koren littafin babu. Sai dai akwai girman tanderu, da yawan buhunan da nake kwaɓawa, da murfin ƙarfen nan, da ranar da itace ke shigowa. A gefen shafin farko ka rubuta da jan biro, da Hausa: "Duk wanda ya san unguwar zai gane shi. In na rage bayanan kuma, ba sauran hujja. A cire."

Siddiƙa ta ce Farfesa ta zo mata gaisuwa, ta ce in aka mayar da babin za ta nemi a duba yiwuwar ba ka digirin bayan rai, amma ita Siddiƙa ta san ka ce ba mai mayar da shi sai da yardar mai maganar. Ta ce, "Ba zan ɓoye maka ba, Alhaji, ina so. Ina so yaran nan su ga takardar a bango, su san abin da ya hana ubansu zama da su. Amma ya ce kai za a tambaya."

Da wuyana ne kaɗai a ciki, wallahi da na sa hannu a wurin. Amma ba ni ke shiga daji ba. Na ce mata, "Ki yi haƙuri, Malama. Ba zan iya ba."

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta jawo kwamfutarka, ta juyo da fuskarta wajena, ta goge babin ina kallo. Ni kuma, da wannan mugun hali nawa, sai da na tambaye ta ko akwai wani kwafi a imel ko a wurin Farfesa. Ta ce babu, kai da kanka ka karɓe na wurin Farfesa tun bara. Na tashi na fita ban iya yi mata sallama yadda ya kamata ba. Takardun da littafin na kai su shago, na saka su a wuta da hannuna, na tsaya har suka cinye. Shi ya sa yau nake iya rubuta wannan.

Shekara huɗu ina neman inda za ka ci amanata, Malam Garzali, ban samu ba. Ka rasu ba a kira ka Dokta ba saboda wani dattijo da ba ka taɓa gani ba, da kuma wani mai burodi da bai taɓa yarda da kai ba. Da aka ba ni dama ta ƙarshe in mayar maka da abin da ka rasa, na hana. Ina ganin abin da za ka so ke nan, amma ba ni da hanyar tambayarka, kuma wannan zai zauna mini a ƙirji har in tarar da kai. Ka yafe mini.

Ya Allah, ga bawanka Garzali ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Yadda ya rufa wa bayinka asiri a duniya, ka rufa masa ranar da asirai za su tonu. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sa shi a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa, da 'yan'uwansa na nan da na Kano, da Farfesa Kezia da ɗalibansa. Siddiƙa, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya miki abin da ya bari, ya ba su ilimin da ya fi na ubansu. In sun girma suka tambaye ki ina takardarsa, ki turo su wurina, ni zan gaya musu.