Bidiyon da Na Ɗauka a Bikin Yayata

A lokacin ina 'yar shekara ashirin da biyu, ina karatu a Kazaure, kuma ba ni da wani buri da ya wuce a san ni a shafukan sada zumunta. A unguwarmu akwai wani dattijon ɗan daudu mai sayar da abinci a bakin tasha. Mahaifiyata ta ce shi ya toya wainar sunana. 'Yan'uwansa 'yan daudu uwa suke kiransa, domin duk wanda aka kora daga gida, ko daga Roni ko daga Gwiwa, wurinsa yake sauka ya koyi sana'a. Idan rigima ta same su, shi ke zuwa gaban mai unguwa ya yi magana a madadinsu.

Ranar bikin yayata shi aka ba girki. Na leƙa bayan gida na tarar ya ɗaura zani, ya kafa ɗankwali, yana tuƙa tuwo yana rangaɗa guɗa, yana zuba habaici mata na faɗuwa don dariya. Wallahi ban taɓa ganin abu mai daɗin kallo haka ba! Na ɗaga waya na ɗauka. Da ya hango ni sai ya kira ni 'yarsa, ya roƙe ni kada in watsa. Ya ce zaman lafiyarsa a garin nan shi ne kowa ya san shi, amma babu mai nuna shi da yatsa. Na rantse masa.

Kwana biyu kawai na iya daurewa, na saka bidiyon a shafina. Kafin la'asar wayata ta ɗau zafi. Ƙawayena na kira, har wata a Babura ta ce ta gani. Na dinga tsalle a tsakar gida, na kasa cin abinci don murna, ina ganin ai na ma taimake shi, duniya za ta san gwaninta irin tasa. Ni kuma ga suna ya zo!

Sai zagi ya fara shigowa, daga mutanen da ba su taɓa cin tuwonsa ba. Cikin mako guda mai gidan da yake haya ya ba shi sallama, masu biki suka janye, waɗanda yake riƙo suka watse. Na goge bidiyon, amma ya riga ya bazu. Na je na sami dattijon yana ɗaure tukwanensa a kan mota, na durƙusa ina kuka. Bai zage ni ba. Ya ce ya yafe, damuwarsa ɗaya: wanda za a kora gobe, ƙofar wa zai buga?

Har yau ban san garin da ya koma ba. 'Yan'uwana masu waya a hannu, na koyi cewa mutum shi ya san iyakar abin da zai bari a gani a rayuwarsa. In ya ce kada ki watsa, ki ji tsoron Allah ki sauke hannunki. Ni na samu mabiya, shi ya rasa garinsu.